Wa ya san tsofaffin labaran ban tsoron nan na Amurka masu zane?

Dan_Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Ran Asabar na tsaya wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi nan Samaru, na je neman littafin lissafi ne ma ƙanina sai idona ya faɗa kan wani ƙaton littafi bangon ya ɗan yage, gajerun labarai ne na ban tsoro da na matsafa da mayaƙa masu takobi, kusan kowane labari da zanensa baƙi da fari. Mai kayan ma bai san me ke ciki ba, yace in kawo abin da ya sauwaƙa. A baya an rubuta wai labaran "pulp" ne, to shi pulp ɗin menene? Na biyu kuma, ƙanin nawa ɗan JS 2 ne, ya ɗauka da daddare an ɗauke wuta yana haskawa da tocilan waya, sai ya ci karo da zanen wani abu mai fukafukai fuskarsa duk wasu jelu kamar tarin macizai, wallahi ko bayi sai da na raka shi. Hajiya tace in fitar mata da shi daga gida. In bar mashi ko in ɓoye?

Malam_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam. Ai ka yi tsintuwa. Pulp sunan takardar ce, mai araha wadda ake yi da markaɗaɗɗen itace, irin mai saurin yin ja ta riƙa marmashewa, da ita ake buga mujallun labarai na talakawa a Amurka shi yasa sunan ya bi labaran. Wadda tafi shahara a wannan fanni ita ce Weird Tales, ta fara fitowa 1923 a Shikago har zuwa 1954. Wancan mai fukafukan da ya hana ƙaninka sakat ina kyautata zaton Cthulhu ne na H. P. Lovecraft, labarin ya fito a mujallar a 1928. In akwai wani ƙato mai takobi to Conan ne na Robert E. Howard, ya fara fitowa 1932, shi Howard ɗin ɗan Teksas ne kuma yana da shekara 30 kacal ya mutu a 1936. Da ƙirgen kalma ake biyansu, shi yasa wani zai ja maka bayanin ƙofa ɗaya har rabin shafi. Kuma kaga ikon Allah, lokacin da suke wannan mu ma nan Zariya ana namu, gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta haifar da littafin Ganɗoki da yaƙinsa da aljanu ai daga nan aka shirya ta.

Anti_Kongo:
Ni dai zanen nan bai taɓa ba ni tsoro kamar rubutun ba. Muna yara kakarmu in tana mana tatsuniya a tsakar gida bata taɓa ce mana ga kamannin Dodo ba, sai dai ta ƙanƙance murya tace yana jin warin ɗan mutum, shikenan kowa ya ƙera nasa Dodon a kai, nawa har yau ban iya faɗin yadda yake. Da za'a zana min shi da ya zama wani bunsuru mai haƙora kawai. Lovecraft ma haka yake yi, sai ya kai ka bakin abin yace baki bazai iya faɗa ba, to mai zane yazo ya faɗa, ya rage mashi ƙarfi. Amma fa duba ƙasan zanen, in kaga sunan Virgil Finlay ka kusanto da shi fuska sosai, ɗigo ɗigo ne da bakin alƙalami yake tara su har inuwa ta fita, aiki kamar na mai ɗinkin hula, wannan ko labarin baka karanta ba ka mori kuɗinka.

Kufena77:
Duk kun bar babbar magana. Tsoro ai kwana biyu ne ya wuce, abin da zaka duba kafin ka ba yaro shine yadda mutanen nan ke kwatanta baƙar fata. Lovecraft ƙyamarsa ba ɓoyayya bace, Howard kuma yana da labaran da ya kai su Afirka inda mu ne masu tsafi da kiɗan ganga ana jiran Bature yazo ceto. Ni na karanta kuma na ji daɗin wasu, amma da girmana. Ka fara karantawa kai, wanda ka ga ya dace ku zauna tare, dama turancin ma sai da ƙamus a gefe.

Dan_Samaru:
Na gode ƙwarai. Anti na duba da gilashin Hajiya, wallahi ɗigo ne, ban taɓa lura ba. Littafin yanzu yana cikin akwatin mashin ɗina, shi kuma gwanin tsoron tun da safe yake bina wai in nuna mashi zanen sau ɗaya kawai tunda rana ta fito.