Wace kalma za mu ba "revue scientifique" da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum malamai da ƴan uwa. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa domin ƙannenmu da suka shigo Jami'ar André Salifou bana, kan yadda ake neman abin da Faransawa ke kira revue scientifique ta hanyar ɗakin karatu. Sunan ne ya gagare ni. Jarida ba ta yi ba, don nan Damagaram in ka ce jarida, Le Sahel ce ke faɗo wa mutum a rai. Ga kuma wani ruɗani: yaro ya leƙa shafin Ingilishi ya ga journal, sai ya ɗauka irin tamu ce ta Faransanci mai kawo labarai, alhali su revue suke nufi. A taimaka.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai mujalla ce, kuma ba yau muka aro ta daga Larabci ba. A Jami'ar Bayero ta Kano, Harsunan Nijeriya da Algaita duk mujallu ake ce musu, ba wanda ya taɓa ɓata.

Ɗalibar mastar:
Allah gafarta Malam, mujalla ita kaɗai ta yi faɗi. Jeune Afrique ma mujalla ce, amma wanda ya kafa hujja da ita cikin kundinsa, malamin da ke duba aikin zai maido masa. Sai an rataya mata wata kalma. Ni na ce mujallar kimiyya.

Malamin Hausa:
Kin yi gaskiya a rabin farko, ƴata. Kimiyya ce ban yarda da ita ba. Kunnen Bahaushe in ya ji kimiyya, sai ya hango kwalabe da farar riga. Shi kuwa Bafaranshe da ya ce scientifique, har tarihi da nazarin harshe ya haɗa. Mujallar Mu Ƙara Sani da cibiyar nazarin tarihi da al'adu ta IRSH ke fitarwa a Yamai fa, a ina za ki ajiye ta? Masu tarihi za su ce mun kore su, a jami'ar da ke ɗauke da sunan masanin tarihi.

Ma'aikacin ɗakin karatu:
Ku yi mini izini in sa baki, tunda mu ake tambaya kullum. Kafin a raɗa suna a duba me ya raba ta da sauran. Idan malami ya aika maƙalarsa, edita ba ya bugawa kai tsaye. Yakan tura wa masana biyu ko uku na wannan fannin, sau da yawa ba tare da sun san sunan marubucin ba. Su za su ce a karɓa, ko a koma a gyara, ko a yi watsi da ita, kuma abin kan ci watanni. Irin waɗannan maƙalun ne hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai kula da harkar jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama, ke dubawa kafin malami ya samu ƙarin matsayi.

Haka neman ta ma daban yake. Ba ka ɗauko ta ka karanta daga bango zuwa bango, maƙala ɗaya kake farauta, da sunan marubuci da shekara da lambar fitowa da shafi. Akwai shafukan intanet da ke tara mujallun: Persée kyauta ce, a can za ka samu tsofaffin fitowar Cahiers d'études africaines tun daga 1960. AJOL ta tara ɗaruruwan mujallun Afirka. Cairn wasu a buɗe suke, wasu sai da kuɗi. Akwai kuma Research4Life, inda Hinari ta Hukumar Lafiya ta Duniya take tun 2002, da AGORA ta fannin noma tun 2003. Ita Research4Life sai jami'a ta yi rajista, ɗalibi ya karɓi lambar shiga a ɗakin karatu. Ku gaya wa yaran kuma kada lambar ISSN mai alƙaluma 8 ta ruɗe su. Lambar shaida ce kawai, mujallar da za ta karɓi kuɗinka ta buga maka cikin mako guda ita ma tana da ita.

Don haka ni ina son sunan da zai nuna an duba aikin. Tatacciyar mujalla, ko mujallar bincike.

Ɗalibar mastar:
Baba, tacewa tana da wari. Hukumar tace fina-finai ce ke zuwa rai, kamar an cire abin da gwamnati ba ta so. Bincike kuwa, kakata in ta ji sai ta ce jandarmomi sun zo.

Malamin Hausa:
To ku ji. Wa ke rubutawa? Masana. Wa ke dubawa? Masana. A ce mujallar masana, jam'i mujallun masana. Duban da suke yi kuma, wanda ake kira évaluation par les pairs, a ce tantancewar masana, tunda kowa ya san tantance ƴan takara lokacin zaɓe. Na san wani zai fassara pairs da tsara ko sa'o'i, amma tsara a wurinmu shekarun haihuwa ne, kuma mai duba aikinka yana iya haifarka.

Mai tambaya:
Na karɓa, Malam, Allah ya ƙara sani. Na gwada a jimla: "Nemo maƙala biyu daga mujallun masana kan ƙarancin ruwa a Damagaram." Ta zauna daram. Numéro na sa fitowa. Volume kuma na sa kundi.

Malamin Hausa:
Cire kundi. Mun riga mun ba mémoire da thèse wannan sunan, yaro zai rikice. Sa juzu'i, duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san shi: juzu'i na 12, fitowa ta 3, shafi na 45.

Ma'aikacin ɗakin karatu:
Saura base de données, wato irin su Persée da Cairn ɗin nan. Ni rumbun mujallu nake ce wa ɗalibai, abokin aikina kuma taska yake cewa. Malam, sai ka raba mu.