Wai ɗan haya ne a cikin kwamfutarsa

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau kam na ƙoshi. Ina tsakiyar aikin wani Alhaji, sai manhajar da nake rubuta kod da ita ta ce lasisina ya ƙare, in biya da dala ko ta rufe. Kwamfutar tawa, aikin nawa, man janareta ma ni na saya, amma wani da ban taɓa gani ba ya datse min ƙofa. Na goge ta na koma Emacs, manhajar rubuta kod da kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Kuma bari in faɗa muku ko da za ku ji haushi: duk wanda yake rubuta kod a manhajar da ba shi da ikon buɗe cikinta ya gyara, ɗan haya ne a kwamfutarsa. Richard Stallman ya gano wannan tun 1983 da ya shelanta aikin GNU na gina manhajoji masu 'yanci, mu har yau muna barci.

Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. To Malam, mene ne abin gori a haya? Shekarata tara ina haya, ban taɓa cin bashin mai gida ba.

Ɗan Fagge: Misali na yi, ɗan'uwa.

Na Sabon Gari: Misalin ne bai yi ba. Ba kowa ne ya gaji gida a cikin badala ba.

Injiniya Zazzau: Ai halin Kanawa ne, komai sai sun kawo zancen gida da fili.

Ɗan Fagge: Injiniya, kar ka ja mu nan.

Baba Linux: Yara ku tsaya. Abin da yaron nan yake nufi yana da tushe, bakinsa ne kawai ya yi kaifi. Stallman yana aiki a ɗakin binciken MIT a Amurka, aka kawo musu firinta ta Xerox mai yawan cije takarda. Tsohuwar firintarsu ya taɓa gyara manhajarta yadda za ta sanar da mutane idan ta cije. Ya nemi kod ɗin sabuwar don ya yi haka, aka hana shi. Daga irin wannan takaicin aka samu GNU Emacs a 1985, da gidauniyar FSF mai kare 'yancin manhaja a shekarar, sai lasisin GPL na raba irin waɗannan manhajoji a 1989. 'Yanci huɗu suke magana a kai, kuma daga sifili suke ƙirgawa: ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka karanta cikinta ka canza, ka ba wani kwafi, ka raba wadda ka gyara. Sharaɗin GPL shi ne idan ka raba wa mutane abin da ka gyara, dole ka ba su kod ɗin, ba za ka hana su abin da aka ba ka ba.

Na Sabon Gari: Ranka ya daɗe Baba, duk na ji. Amma dole ya janye kalmar haya.

Sarkin VS: Ni dai abin dariya ma yake ba ni. VS Code na Microsoft da nake rubuta kod da shi buɗaɗɗe ne, kod ɗinsa yana GitHub, shafin ajiye kod, da lasisin MIT mai barin kowa ya kwafa ya gyara tun 2015. Kyauta na sauke, ko sisi ban biya ba. Ɗan hayan da ba ya biyan haya, wane irin ɗan haya ne?

Ɗan Fagge: Wanda aka ba aron ɗaki. Shi ne ma ya fi saurin kora.

Baba Linux: Sarki, kod ɗin yana buɗe, gaskiya ne. Amma wanda ka sauke daga shafin Microsoft da nasu lasisin yake zuwa, kuma yana aika musu bayanan yadda kake amfani da shi sai dai in ka kashe. Shi ya sa wasu suka ɗauki kod ɗin suka haɗa VSCodium ba tare da waɗannan ba.

Sarkin VS: To su ji bayanan nawa mana, me nake ɓoyewa? Ni dai kyauta ne.

Ɗan Damagaram: Salam 'yan'uwa na Najeriya. Nan ne kuke ruɗewa. Turancin Ingilishi ne ya haɗa muku abu biyu a kalma ɗaya, wato free. Mu da muka yi boko da Faransanci, libre daban gratuit daban. Hausa ma ta raba: kyauta daban, 'yanci daban. Stallman da kansa yana sayar da Emacs a kan kaset dala 150 yana aika wa mutane ta gidan waya. Ina kyauta a nan?

Sarkin VS: Au, ashe ɗan kasuwa ne! Ɗan Fagge, ga malaminka ma yana karɓar haya.

Ɗan Damagaram: Ba haya ba ce. Wanda ya sayi kaset ɗin yana da ikon kwafa wa duk garinsu, ba mai tuhumarsa.

Injiniya Zazzau: Ku da Faransa ta riƙe wa kuɗi shekara da shekaru za ku koya mana 'yanci?

Ɗan Damagaram: Injiniya, ka bari mu yi zancen kod. In siyasa kake so, akwai zauren da ake yi.

Shugaban Zaure: Ba siyasa a nan. Injiniya, gargaɗi na farko.

Maman Python: Don Allah tambaya. Ina koya wa 'yan mata goma sha biyu kod a gida, kwamfutoci huɗu ne kuma tsofaffi, VS Code yana yi musu nauyi. Emacs zai yi musu ko zai kore su?

Ɗan Fagge: Hajiya, Emacs ba nauyi. Kuma ga abin da ya burge ni jiya: ki danna Ctrl da h, ki saki ki danna k, sannan ki taɓa kowane maɓalli. Zai faɗa miki aikin da maɓallin yake yi, ya ba ki hanyar zuwa ainihin kod ɗin da ke bayansa. Yawancinsa da yaren Lisp aka rubuta, kina iya canza shi yana cikin aiki ba sai kin rufe ba. Jiya na sa shi yana yi min sallama da Hausa in na buɗe. Wace manhaja ce za ta bar ki ki yi mata haka?

Sarkin VS: Kwana nawa ka yi kana sa sallamar? Aikin Alhaji fa?

Ɗan Fagge: Wannan ba matsalarka ba ce.

Sarkin VS: Wato bai gama ba.

Na Sabon Gari: Kuma tsakani da Allah, Windows ɗin da ke kan kwamfutarka saya ka yi, ko yaron kasuwa ne ya ɗora maka? Domin in haka ne kai ba ɗan haya ba ne ma, ta katanga ka shiga.

Injiniya Zazzau: Hahaha, an kama shi!

Ɗan Fagge: Sati mai zuwa zan sa Linux a madadin Windows.

Baba Linux: In za ka faɗa a gaban Stallman ka ce GNU da Linux, in ba haka ba zai gyara maka. Linus Torvalds zuciyar tsarin ya rubuta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, sauran kayan aikin da yawa na GNU ne. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba. A 1998 su Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa ƙungiyar OSI, suka fifita cewa buɗaɗɗen kod saboda kamfanoni suna tsoron kalmar free ta su Stallman. Su hujjarsu ingancin aiki, shi kuwa Stallman ya ce maganar haƙƙi ce, ko da manhajar ba ta kai ta kuɗi kyau ba.

Sarkin VS: Kuma wa ya ci? Microsoft ta sayi GitHub a 2018 dala biliyan 7.5. Duk masu 'yancin nan a gidanta suke ajiye kod. Su waye 'yan haya yanzu?

Baba Linux: Kamfanin da shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001. Ni wannan nasara nake gani.

Sarkin VS: Ni kuma cinikin gida da mutanen ciki nake gani.

Na Sabon Gari: Kun ga kun dawo kan haya. Har yanzu bai ba da haƙuri ba.

Maman Python: Jama'a, tambayata fa? Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma talla ya yi min.

Injiniya Zazzau: Hajiya, ki bar su a abin da suka saba, Emacs sai ya karya musu ƙaramin yatsa.

Ɗan Fagge: Wa ka taɓa gani ya karye?

Injiniya Zazzau: An faɗa.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da zaure ya cimma: Ɗan Fagge ya yi kuskure da ya ce 'yan haya, Sarki ya yi kuskure da ya ɗauka kyauta ita ce 'yanci, kuma kowa ya yarda Emacs yana cin lokaci. Mafita ita ce Vim, wata manhajar rubuta kod ɗin. Marigayi Bram Moolenaar ya fitar da shi a 1991, ba nauyi, da wuya ka hau sabar Linux ka rasa shi ko ɗan'uwansa vi, kuma mutumin har ya rasu a 2023 roƙon masu amfani da shi yake su taimaki yara marasa galihu a Yuganda. Hajiya, ki sa wa 'yan matan Vim.

Ɗan Fagge: Shugaba, wa ya ambaci Vim a duk muhawarar nan? Kuma yaushe kowa ya yarda?

Sarkin VS: Ni na taɓa shiga Vim, sai da na kashe kwamfutar kafin na fita.

Shugaban Zaure: Ka danna Esc, ka rubuta :q, ka danna Enter. Na rufe sharhi zuwa safe.