Ɗana ya kusa shekara 3 bai fara magana ba, kuma ruwa na ƙware shi

Maman Abba:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekara 2 da wata 8, har yau daga "mama" sai "baba", in yana son abu hannuna yake ja ya kai ni wurin. Tuwo sai na murje masa da miya, da ya ji gudaji zai tofar, ruwa kuwa yana kurɓa sai tari har idonsa ya yi ja. Kakarsa ta ce linzami ne a kira wanzami ya yanke, wai babansa ma ya yi nauyin baki. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ummu Hanif:
Wa alaikumus salam. Kar ki bari a yanka masa komai tukuna, ki fara da gwajin ji. Tawa haka muka yi ta cewa miskilanci ne ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, tana jin mu kamar daga cikin randa. In kina kusa da Kaduna akwai asibitin kunne na ƙasa, a Kano kuma sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Malam Aminu Kano. Yaro ɗan shekara 2 ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu, irin "ba ni", "zo nan".

Anti Nas:
Ni tarin nan ya fi damuna wallahi, don ruwan zai iya bin hanyar iska ya sauka huhu ya kawo nimoniya. Ɗura kam ki hana kowa yi masa, toshe hancin nan a zuba kunu haɗari ne babba. Ki zaunar da shi a miƙe, cokali ƙarami, sai ya haɗiye ki ƙara. Ki nemi likitan yara ya tura ku wurin mai gyaran magana, su ne dai ke duba haɗiya, su za su ce ko a ƙara wa abin shansa kauri. Ya yi ciwon shawara yana jariri? Ya yi kuka da aka haife shi?

Baban Ikram:
Kafin layi ya zo kanku ki rage masa waya. Mu an koya mana mu ɗaga kofi da ayaba, mu ambaci sunan kowanne, mu yi shiru mu jira. Jiran nan ne da wuya, baki na ƙaiƙayi ka faɗa masa.

Maman Abba:
Na gode Allah ya saka. Anti ya yi shawara, kwana 5 muka yi an sa shi a ƙarƙashin fitila. Zan kai shi Litinin in sha Allah, babansa zai yi wa Hajiya bayani.