Wace manhaja ce ta dace da tura motocin dakon kaya?

Mai kamfanin tireloli: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Motocinmu sun ƙaru har mai tura direbobi ba ya iya riƙe aikin da littafi da waya kawai, kuma sau da yawa mota kan komo ba kaya alhali akwai lodi yana jira a kan hanyarta. Ina neman shawararku game da manhajar da za ta haɗa karɓar oda, raba aiki ga direbobi da sanin inda kowace mota take.

Manajan jigila: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kira suna, ya kamata a san cewa manhajojin nan iri uku ne, ko da yake masu tallarsu sukan gauraya su. Akwai masu bin diddigin mota ta GPS, kamar Samsara da Geotab da Motive, wadda ake kira KeepTruckin kafin ta sauya suna a 2022. Akwai masu tsara hanya ga motocin da ke sauke kaya a wurare da yawa cikin yini guda, kamar Routific da Onfleet. Sai kuma masu ɗauke da aikin ofis gaba ɗaya, tun daga oda har zuwa takardar neman biya, kamar LoadMaster na kamfanin McLeod. Abin da ka bayyana na iri na uku ne, domin taswirar da ke nuna inda mota take ba ta san wane lodi ke jiran wace mota ba.

Ma'aikaciyar akanta: Ina goyon bayan Malam, amma zan ƙara abu ɗaya da masu sayen manhaja sukan manta. A tambayi mai sayarwa ko direba zai iya ɗaukar hoton wayabil da sa hannun wanda ya karɓi kaya, kuma ko wannan shaida za ta wuce kai tsaye zuwa manhajar lissafi irin su QuickBooks. Idan ba haka ba, sai an jira direba ya dawo da takarda kafin a nemi kuɗi, kuma wannan jinkirin ne ke hana ƙananan kamfanoni sayen mai a kan lokaci.

Injiniyan kwamfuta: Alhaji, idan akwai wanda zai kula muku da saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki manhajar da bayananta, a duba Traccar, wadda kyauta ce kuma tana aiki da na'urorin GPS iri-iri, ko Odoo, wadda ke da sashen kula da motoci da na ajiyar kaya. Sai dai kyautar ta lasisi ce kaɗai; girkawa da gyara da adana bayanai duk suna wuyanku. Tsara hanya kuwa ba ƙaramin lissafi ba ne, tun 1959 masu bincike biyu, Dantzig da Ramser, suka rubuta a kansa, don haka kada a yarda da manhajar da ba ta la'akari da nauyin da mota ke ɗauka da lokacin da ake karɓar kaya a wurin saukewa.

Tsohon direba: Ranka ya daɗe, ni ta ɓangaren direba zan yi magana. A gwada manhajar inda babu sabis, a ga ko tana ajiye bayani a waya har sabis ya dawo. A kuma lura cewa yawancinsu an gina su ne bisa dokar wata ƙasa: a Amurka direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, a Tarayyar Turai kuwa awa 9 ne, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi. Idan ba a iya sauya waɗannan ƙa'idoji ba, manhajar za ta dinga yi wa direbobinka gargaɗin da bai shafe su ba, har su daina kula ta.

Mai kamfanin tireloli: Na gode ƙwarai. Hajiya, ko akwai abin da zan kiyaye wajen sa hannu a kwangila?

Ma'aikaciyar akanta: Akwai, Alhaji. Masu sayar da na'urar GPS sukan nemi kwangilar shekaru, kuma kuɗin yana bin yawan motoci ne. Ka nemi gwaji a kan motoci kaɗan tukuna, sannan a rubuta cewa za a ba ka dukkan bayananka a fayil ɗin Excel duk ranar da ka so barin su.