Hukuncin Mitrovic: FA ce ta yanke ko 'yan jarida? (tattaunawa ta 2023)

Sadauki_09:

Salam 'yan uwa. Tunda dai an yi watsi da ɗaukaka ƙarar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta yi kan hukuncin Aleksandar Mitrovic, ɗan wasan gaban Fulham, magana ta tsaya a dakatarwar wasa 8 da tarar fam dubu 75, ina so mu tattauna abin da ya tsaya min a rai tun ranar 19 ga Maris ɗin nan na 2023.

Ga wanda bai kalla ba, kwata fainal ne na kofin FA a Old Trafford, Fulham na gaba da ci 1 kuma Mitrovic ɗin ne ma ya ci, wallahi sun fi Man U wasa nesa ba kusa ba har aka wuce minti 70. Sai Sancho na Man U ya buga ƙwallo za ta shiga raga Willian na Fulham ya tare da hannu a kan layi, alƙalin wasa Chris Kavanagh da farko kwana ya bayar, VAR (masu taimaka wa alƙali ta bidiyo) ta kira shi ya je ya duba, yana can wajen allo ya ɗaga wa kocin Fulham Marco Silva jan kati, ya dawo ya ba Willian nasa ya nuna fenareti, shi ne fa Mitrovic ya taso masa yana ihu a fuskarsa ya ture shi a kafaɗa, shi ma aka ba shi. Jan kati 3 cikin ƙasa da minti ɗaya. Bruno Fernandes na Man U ya ci fenaretin, Sabitzer ya ƙara, Bruno ya rufe da ta uku aka tashi 3-1.

Ni ban ce Mitrovic bai yi laifi ba, ya yi, kuma ba ni da wata alaƙa da Fulham. Abin da ya dame ni shi ne tun kafin a kwana biyu masu sharhi a talabijin da rediyo da jaridun Ingila sun gama zaman kotu, wannan ya ce wasa 10, wancan ya ce kada ya sake buga ƙwallo a kakar nan, a yi misali da shi. Sai ga FA ta fito da wuri tana cewa hukuncin wasa 3 da aka saba bai isa ba. To sati biyu kafin nan, ranar 5 ga Maris da Liverpool ta zazzaga wa Man U 7-0 a Anfield, duk duniya ta ga Bruno Fernandes ya sa hannu a bayan mataimakin alƙali ya tura shi, ko yalo kati bai samu ba, FA ta ce babu abin da za ta yi. Tambayata: da a ce Mitrovic jar rigar Man U yake sawa, hayaniyar za ta kai haka? Kuma shin kwamitin da ya zauna dokarsa ya duba ko jarida ya karanta?

Abba_RedDevil:

Haba Malam Sadauki, ka ji tsoron Allah, ta yaya za ka haɗa waɗannan biyun? Ka koma ka kalli bidiyon Bruno da kyau, taɓa mutumin ya yi a baya yana wucewa, mai tutar ma shi ya fara riƙe masa hannu don raba shi da Trent Alexander-Arnold na Liverpool, kuma ko waiwayowa bai yi da fushi ba. Shi kuwa Mitrovic tura alƙali ya yi, aka ba shi kati ya ƙi tafiya ya ci gaba da bin sa yana nuna masa yatsa a fuska har Kavanagh na ja da baya, sai da 'yan wasa suka janye shi.

Batun wai jarida na kare Man U kuma ban san wace jaridar kake karantawa ba. Bayan 7-0 ɗin nan akwai wanda aka yi wa wankin babban bargo kamar Bruno? Gary Neville da Roy Keane, tsoffin kyaftin ɗinmu fa, a Sky suka zauna suka yi masa kaca-kaca, sati guda ana maganar a ƙwace kambun kyaftin daga hannunsa. Casemiro fa? An kore shi a wasan Palace a Fabrairu aka ba shi wasa 3, aka sake korar sa a wasan Southampton aka ba shi 4, wannan wasan na Fulham ma da muke magana a kai bai buga ba. Idan FA tamu ce ai da ba a yi mana haka ba.

Sadauki_09:

Abba ai kai da kanka ka faɗa. Sukar da suka yi wa Bruno ta rashin kishi ce da jefa hannu sama da birgima a ƙasa, wato haushinsu shi ne ya kunyata ƙungiyarsu. Nawa ne a cikinsu suka zauna suna lissafa wasannin da ya kamata a dakatar da shi saboda ya taɓa jami'i? Nan ne bambancin yake.

Malam_Rafali:

Assalamu alaikum. Ni na ɗan taɓa busa wasan yara da matasa, don haka ku yi min uzuri idan na yi tsawo, abin ya shafe ni.

Da farko a gane yadda aka kai 8 ɗin, don mutane da yawa sun ɗauka hukunci ɗaya ne. Wasa 3 na jan katin ne kai tsaye. FA ta ce bai isa ba, Mitrovic ya musa, kwamiti mai zaman kansa ya goyi bayan FA ya ƙara 3. Sannan akwai tuhuma ta daban kan zagi da barazanar da ya yi bayan an kore shi, wannan shi da kansa ya amsa laifi, aka ba shi 2 da tarar kuɗin. Silva ya samu wasa 2 ba zai tsaya a bakin fili ba, ita ma ƙungiyar an ci ta tarar fam dubu 40 saboda ta kasa tsawatar wa 'yan wasanta.

Yanzu ga abin da nake so Malam Sadauki ya lura da shi. Da jarida ce ke yanke hukunci, ai 10 ko fiye za a ba shi, don abin da ake ta kira ke nan. FA ɗin ma kanta ba ta gamsu da 8 ba, ta ɗaukaka ƙara tana neman ƙari, kwamitin ɗaukaka ƙara ya ce a'a. Wato mutanen da suka zauna sun ƙi biye wa hayaniyar, sun ƙi biye wa hukumar da ta kai ƙarar ma. Kuma idan ka duba baya ba su wuce gona da iri ba. Paolo Di Canio a 1998 yana Sheffield Wednesday ya ture alƙali Paul Alcock har ƙasa a wasansu da Arsenal, wasa 11 ya sha da tarar fam dubu 10. David Prutton na Southampton a 2005 ya ture alƙali Alan Wiley, wasa 10. A Sifaniya kuma Ronaldo ya tura alƙali a baya a Super Cup na 2017 a Camp Nou, wasa 5 gaba ɗaya, 1 na kati 4 na turin, kuma a lokacin babu sunan da ya fi nasa girma a ƙwallo.

Na Bruno kuwa matsalar tsarin dokar ce. A ƙa'ida FA tana waiwayar abin da alƙalai ba su gani ba ne a fili, idan sun gani sun ce ba komai to da wuya ta sake buɗe maganar. Alƙalin wasan, Andy Madley, da mataimakinsa sun gani, sun bar shi. A ganina kuskure ne babba, ko da yalo ne ya kamata ya gani, domin duk yaron da ya kalli wasan nan ya koyi cewa ana iya taɓa jami'i a wuce lafiya. Amma kuskuren da aka yi ranar 5 ba ya wanke laifin ranar 19.

Abin da masu kallo ba sa gani shi ne can ƙasa, a ƙananan lig-lig na Ingila inda alƙali yaro ne ɗan shekara 15 ko 16, ba ɗan sanda ba kyamara. A Fabrairun nan BBC ta yi bincike kan alƙalan ƙananan wasanni sama da 900, kusan 300 a cikinsu suka ce an taɓa kai musu hannu. Abin ya kai FA ta fara gwajin maƙala wa alƙalai kyamara a ƙirji a wasu ƙananan lig, daga Middlesbrough aka fara. Duk abin da aka yi a talabijin ranar Lahadi, sati mai zuwa za ka gan shi a filin yara, ni na gani da idona, har yadda suke zagaye ka da yadda suke ɗaga hannu iri ɗaya ne. Saboda haka da 'yan jarida suka yi ca a kan Mitrovic ni raina bai ɓaci ba, inda na ga laifinsu shi ne shirun da suke yi sauran ranakun.

Ummi_Gunners:

Yaya Rafali Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito. Amma akwai wanda ka tsallake kuma a wasanmu na Arsenal aka yi shi. Ranar 9 ga Afrilu a Anfield da muka yi 2-2 da Liverpool, ana tafiya hutun rabin lokaci Andy Robertson na Liverpool ya je wajen mataimakin alƙali Constantine Hatzidakis, kyamara ta nuna mutumin ya ɗaga gwiwar hannu ta samu Robertson a haɓa. Wa aka ba kati? Robertson. Roy Keane yana situdiyo ya kira shi ƙaton jariri, mutane suna ta dariya ana yaɗawa. An ɗan ajiye jami'in na kwanaki, ya ba da haƙuri, FA ta ce ta duba ba za ta ɗauki mataki ba.

To Mitrovic ma ai ya ba da haƙuri, ya yi magana da Kavanagh, ya fitar da sanarwa, ya amince ƙungiyarsa ta ci shi tara. Ni ban ce Hatzidakis da gangan ya yi ba, mai yiwuwa fizge hannunsa yake yi. Amma dubi yadda aka yi masa kyakkyawan zato nan take, aka nemo masa uzuri, aka ce a duba ta wannan kusurwar a duba ta waccan, shi kuwa Mitrovic ɗan Sabiya babu wanda ya tsaya tambayar me ya kai shi. Idan ɓera da sata daddawa ma da wari. In ana so 'yan wasa su girmama alƙalai to su ga cewa su ma alƙalan akwai ranar da ake tuhumarsu a fili.

Cottager_Bash:

Na gode Ummi, tun ɗazu nake jira wani ya faɗi haka. Ni Fulham nake yi kuma na san ba mu da yawa a nan. Mu ba mu ce Mitro ya kyauta ba, ya jawo mana asara, mutumin da ya ci 43 a Championship bara ya dawo da mu Firimiya, yana da 11 a lig bana muna rabin tebur na sama muna hango gasar Turai, ya zo ya zubar da komai cikin daƙiƙa goma. Hannun Willian ma fenareti ne kuma jan kati ne, babu musu.

Amma babu jaridar da ta zauna ta yi dogon rubutu kan abin da ya faru kafin nan. Tun farkon wasa Luke Shaw ya ture Mitro a cikin da'ira, ba a busa ba, VAR ba ta ce wa Kavanagh ya je ya duba ba. Kuma wannan Kavanagh ɗin shi ya busa wasanmu da West Ham a Oktoba da aka ci mu 3-1, ƙwallayen Scamacca da Antonio duka akwai maganar hannu a ciki aka bar su. Silva ya faɗi haka bayan wasan Man U, me ya samu? Ƙarin tara. Wato kai ƙaramar ƙungiya in an cuce ka ka yi shiru, in ka yi magana a ci ka tara, in ka fusata ka zama abin misali. Yawancin masu sharhin nan tsoffin 'yan Man U da Liverpool da Arsenal ne, ba sai sun yi niyyar son kai ba, idonsu ne kawai ya saba ganin abu daga can.

Abba_RedDevil:

Bash na ji zafin da kake ji kuma na Shaw ɗin ni ma na san da an busa ba zan yi gardama ba. Amma kowace ƙungiya tana da jerin alƙalan da take ganin sun cuce ta, mu ma muna da namu. In aka ce wanda aka cuta yana da izinin tura alƙali ai ba za a gama wasa ko ɗaya ba a Firimiya.

Malam_Rafali:

Ƙanwata Ummi maganarki gaskiya ce kuma ba zan kare abin da bai karu ba. Ni da Howard Webb zai ji tawa, tunda shi ke riƙe da hukumar alƙalan yanzu, da an fitar da cikakken bayanin dalilin da ya sa aka wanke Hatzidakis kamar yadda ake buga dalilan hukuncin 'yan wasa kowa ya karanta. Sannan a rubuta a doka ƙarara, wanda ya sa wa jami'i hannu da fushi wasa kaza ne, an gani a fili ko ba a gani ba, kyaftin ɗin Man U ne ko ɗan wasan Fulham. Rashin adadi tsayayye shi ke ba masu sharhi filin yin gwanjo, wannan ya ce 6 wancan ya ce 12.

Sadauki_09:

Malam Rafali na karɓi maganar kwamiti, tunda sun ƙi ƙara masa duk da matsin FA. Amma ita FA ɗin fa? Wa ya tura ta ɗaukaka ƙara a kan wasa 8, alhali 8 ɗin nan shi ne abin da aka ba Suarez a 2011 kan kalaman wariyar launin fata ga Evra, John Terry ma 4 ya samu a 2012? Ni har yanzu ina ganin kanun jaridu ne suka sa ta ji kunyar tsayawa a nan. Mitrovic zai dawo ranar 13 ga Mayu a wasan Southampton, kuma wasansu na ƙarshe a kakar nan Old Trafford za su koma. Kafin ranar ina so mu sa ido, duk wanda ya ga ɗan wasan babbar ƙungiya ya taɓa alƙali ko mai tuta ya kawo bidiyon nan, mu ga masu sharhi nawa ne za su nemi a ba shi wasa 10.