OK a kan waya: "To" ko "Na yarda"?

Salamu alaikum ƴan uwa. Muna mayar da rubutun wata manhajar aika kuɗi zuwa Hausa a nan Yamai, sai haruffa biyu suka tsaya mana a wuya: OK. Me za mu rubuta a maɓallin nan?

Ga asalinta tukuna. Ranar 23 ga Maris 1839 aka fara ganin ta a bugu, a jaridar Boston Morning Post ta Amurka. Ƴan jaridar lokacin suna da wani wasa, su ɓata rubutun kalma da gangan sannan su gajarta ta. Maimakon "all correct", wato komai daidai, sai suka rubuta "oll korrect", suka tsinci harafin farko na kowace. Ire-irenta da yawa sun mutu, ita siyasa ta raya ta. A zaɓen 1840, magoya bayan shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da Old Kinderhook saboda garinsu Kinderhook, sun kafa ƙungiyoyi da sunan OK. Shi ya sha kaye, ita ta zauna a bakin mutane. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan tarihi a 1963 da 1964. Akwai masu cewa daga "okeh" ta ƙabilar Choctaw ta Amurka ta fito, wasu sun kai ta har Senegal, suna cewa "waaw kay" ce ta Wolof da bayi suka ƙetara teku da ita. Raina ya fi son wannan na ƙarshe, amma shaidar takarda tana Boston.

Ni dai "To" na zaɓa. Gajera ce, tana shiga maɓalli, kuma Bazabarme ma haka yake cewa.

Amsa daga Tawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi hattara da "to", ba kullum take nufin yarda ba. In tsohuwa ta ja ta a baki ga jikanta, gargaɗi ne. Mai saye in ya ce "to" a kasuwa, farashi ya ji, bai saya ba. Sai mai kaya ya ce "na sallama" ciniki ke faɗawa. Yanzu a ce ɗa na cirani a Abijan ko Libiya ya aiko, uwarsa za ta tura wa wani jika goma daga ciki, waya ta nuna mata lamba, ta danna "To" da nufin ta gani ne kawai. Kuɗi sun tafi ke nan. Wa zai maido?

Amsa daga Yamai:
Malam, a bar OK mana. Mu matasa "oke" da "dakor" muke cewa dare da rana, har mai kabu-kabu ya san ta.

Mai tambaya:
Ƙanena, ba na faɗa da "oke" a baki, ta riga ta samu wurin zama. Amma manhajar nan za ta karanta saƙo da murya don waɗanda ba su yi lakwal ba, kuma ina so uwa ta ji kalmar da ta san nauyinta.

Yaya, kin gyara min hanya. OK aiki biyu take yi a waya, Bahaushe kuwa ya raba su tuni. Inda waya ke ba da labari kawai, kamar "Saƙonka ya isa", za mu sa "To". Inda dannawa za ta fitar da ko dala ɗaya, za mu sa "Na yarda", a gefenta kuma "Na fasa". Na so "Na amince", amma ta fi kama da maganar takardar ofis, "yarda" kuwa ko yaro ya san ta. Mutanen Maraɗi da Damagaram, in akwai inda "Na yarda" ke da wata ma'ana a wajenku, ku faɗa kafin mu miƙa aikin.