Yawan masu digirin digirgir a matsayin mizanin ƙirƙire-ƙirƙiren ƙasa: me kowannenmu ya gani?

Mai Haɗa Alƙaluma:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Aikina shi ne tattara alƙaluman ilimi mai zurfi a wata hukumar ƙididdiga, kuma daga teburinmu ake tura su zuwa cibiyar ƙididdiga ta UNESCO da ke Kanada. A tsarin ISCED na 2011, wanda ake rarraba matakan karatu da shi, digirin digirgir shi ne mataki na 8, kuma babu gurbin da ya fi shi sauƙin cikewa, domin kowace jami'a ta san adadin waɗanda ta yaye. Wannan sauƙin ne ya ba adadin daraja. Tarayyar Turai tana saka sabbin daktocin kimiyya da fasaha cikin ma'auninta na ƙirƙire-ƙirƙire, Afirka ta Kudu kuma ta rubuta a shirinta na ci gaban ƙasa na 2012 cewa tana son ta riƙa yaye daktoci fiye da 100 cikin kowane mutum miliyan ɗaya a shekara kafin 2030.

Abin da ke damuna shi ne alƙalaminmu yana tsayawa ne ranar bikin yaye ɗalibai. Don haka nake roƙon waɗanda suka yi wannan karatu, ko suka duba kundin wani, ko suka ɗauki dakta aiki, su faɗa mana abin da ya faru da aikin bayan an tuɓe rigar yayewa.

Malamar Sinadarai:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni an ƙirga ni sau biyu, kuma ina jin babu ƙidayar da ta faɗi gaskiyar halin da nake ciki. Ƙasar da na yi karatu ta saka ni cikin daktocin da ta yaye, ƙasata kuma ta saka ni cikin masu bincikenta bayan na dawo.

Bincikena a kan wata tata ce mai cire ƙarafa masu guba daga ruwan sha, kuma ba ya yiwuwa sai da na'urar da ke auna ragowar gubar a cikin ruwan da aka tace. Jami'ar da ta ɗauke ni tana da irin na'urar. Na tarar da ita a ƙuryar ɗakin gwaje-gwaje, an lulluɓe ta da leda, takardar kamfanin da ya kawo ta tana manne a gefenta, tukunyar iskar gas ɗin da take aiki da ita kuma babu komai a ciki. An saye ta ne da kuɗin wani tallafi wanda ya tanadi saye amma bai tanadi gyara ko kayan aiki na yau da kullum ba. Na rubuta takardun neman gyara har na gaji, a halin da ake ta ƙara mini azuzuwan koyarwa saboda ƙarancin malamai.

Littafin Frascati, wanda ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziƙi da ci gaba (OECD) ta fara fitarwa a 1963 domin daidaita yadda ake auna bincike, ya bambanta ƙidayar kawuna da ƙidayar lokacin da mutum yake bayarwa ga binciken kansa. A ƙidayar kawuna ni cikakkiyar mai bincike ce. Da a ce da lokaci ake aunawa, abin da ya rage mini bayan koyarwa da makin jarrabawa da zaman kwamitoci ba zai kai rubu'in mutum ɗaya ba, kuma a saninmu babu wanda ya taɓa zuwa ya tambayi ɗayanmu yadda makonta yake tafiya.

Injiniyan Masana'anta:

Allah ya saka wa Dakta da alheri, ya kuma kawo mata mafita. Nawa labarin ya bi ta wata hanya dabam, amma shi ma ma'aunin bai kama shi ba. Na yi nawa digirin a Faransa ƙarƙashin shirin CIFRE, wanda aka kafa a 1981, inda kamfani yake ɗaukar ɗalibi aiki na shekara uku, gwamnati ta tallafa wa kamfanin, jami'a kuma ta kula da ingancin binciken. Matsalar da aka ba ni ta fito ne daga cikin masana'anta: yadda za a gane cewa ƙarfen da ke juya injin ya fara ci tun kafin ya karye, ta hanyar nazarin girgizar da injin yake yi. Kafin in kare kundina an riga an ɗaura na'urar a kan injinan kamfanin, masu gyara kuma sun daina jiran sai abu ya lalace.

To amma maƙalata ɗaya ce kacal a mujalla, kuma kamfanin bai nemi takardar mallakar fasaha ba, ya gwammace ya riƙe dabarar a matsayin sirrinsa, tunda mai neman takardar dole ne ya bayyana wa duniya yadda abin yake aiki. Duk wanda ya auna ni da yawan maƙaloli ko takardun mallaka zai ce aikina bai haifar da komai ba. Littafin Oslo, jagorar auna ƙirƙire-ƙirƙire, wanda ya fara fitowa a 1992, ya ce abu ba ya zama ƙirƙira sai an kai shi kasuwa ko an fara aiki da shi, kuma wannan labarin sai an shiga kamfanoni an tambaya ake samunsa.

Farfesa Mai Ritaya:

Ina tare da ku, amma kada mu yi saurin watsi da adadin. Ƙasar da ba ta yaye daktoci ba za ta sami masu koyar da injiniyoyinta ba, balle masu fahimtar fasahar da take sayowa daga waje. Koriya ta Kudu ta kafa cibiyar da ta zama jami'ar kimiyya da fasaha ta KAIST a 1971 da niyyar samar wa masana'antunta ƙwararru, kuma a yau tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 na abin da tattalin arziƙinta yake samarwa a kan bincike, mafi yawansa daga aljihun kamfanoni. Can adadin daktoci yana da ma'ana domin akwai inda za su shiga. Japan kuwa ta ƙaddamar da shirin samar da masu bincike 10,000 na bayan digirgir a 1996, guraben dindindin ba su ƙaru daidai da su ba, daga baya matasa suka fara ja da baya daga shiga karatun.

Abin da na gani da idona shi ne yadda adadin yake lalacewa da zarar an mai da shi buri. Masanin tattalin arziƙi Charles Goodhart ya yi nuni da wannan tun 1975. A shekarun ƙarshe na aikina an ɗaura ƙarin girman malami da yawan ɗaliban da ya yaye, sai na riƙa ganin malami ɗaya riƙe da ɗaliban da ko sunayensu bai gama haddacewa ba. An taɓa gayyata ta in jarraba wani ɗalibi a wata jami'a, na buɗe babin sakamako na ga jadawali masu kyau, na nemi littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa na kullum, sai ya sunkuyar da kai. Yaron ba malalaci ba ne, an dai ba shi wa'adi ba a ba shi kayan aiki ba. Na ƙi sa hannu, kuma har yau abin yana ci mini rai saboda shi, domin ba shi ya tsara wannan hali ba. Indiya ta ɗanɗana irin wannan: a 2009 an wajabta wa ɗalibi buga maƙala kafin miƙa kundi, mujallun bogi suka samu kasuwa, a 2022 aka janye sharaɗin.

Ɗalibar Kwamfuta:

Ranka ya daɗe, Farfesa, ina da ƙari a kan batun da Dakta ta taɓo na ƙasar da ake rubuta wa ladan. Ina karatu a Amurka, inda ake bin diddigin sabbin daktoci duk shekara tun 1957, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake yayewa baƙi ne masu bizar karatu, a fanninmu ma sun fi rabi. A ɗakin bincikenmu kusan kowa daga wata ƙasa ya zo, kuma hirarmu ta shekarar ƙarshe ba ta wuce kamfanin da zai riƙe mutum a nan. Ƙasashenmu ne suka ɗauki nauyinmu tun daga firamare har digiri na farko, amma abin da za mu ƙirƙira a jadawalin wata ƙasa zai fito.

Mai Haɗa Alƙaluma:

Gaskiya ne, 'yar'uwa. Tun 2004 OECD da UNESCO da hukumar ƙididdiga ta Turai suka fara wani shiri na bin sawun daktoci bayan kammala karatu. Mun gwada irinsa, sai muka tarar yawancin adiresoshin imel da jami'o'i suka ba mu an rufe su tun ranar da masu su suka bar makaranta.

Mai Kula da Na'urori:

Da izinin malamaina, ni ba ni da digirgir, amma na daɗe ina kula da na'urorin ɗakin gwaje-gwaje, kuma ta hannuna sakamakon ɗalibai da dama ya bi kafin ya shiga kundi. Littafin Frascati da Dakta ta ambata ya kasa ma'aikatan bincike gida uku, wato masu bincike da masu aikin fasaha irina da sauran ma'aikatan tallafi, sai dai a rahotannin da ake yaɗawa rukuni na farko kawai ake haskawa. Inda nake aiki an ɗauki sabbin daktoci da yawa a 'yan shekarun nan, amma abokan aikina da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Malam Mai Haɗa Alƙaluma, idan za ku sake tsara fom ɗinku, ina roƙon ku ƙara gurbi biyu: na'urori nawa ne suke aiki a ranar da aka cike shi, kuma mutum nawa ne a wurin suka iya gyara su. Dakta kuma, idan na'urarki ta daɗe a rufe, kada a kunna ta da zarar an samo gas ɗin, a fara duba bututun da robobin da ke toshe mahaɗarsu, domin su ne suke fara bushewa su tsage.